Daga Hamburg zuwa Aboabo: amanar wanda bai yarda da Allah ba

Yaya, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da Hajiya da yara da mutanen gida na Aboabo baki ɗaya. A miƙa gaisuwata ga Malam na masallacin layinmu, a ce masa tambayarsa ta iso.

Saƙonka biyu ne a haɗe. Kana so in duba maka injinan mota da giyabos na hannu, waɗanda za a loda a kwantena zuwa Tema, ka kai Suame Magazine, kasuwar kayan mota ta Kumasi. Amma tun da na gaya maka a waya cewa mai wurin da ake sayar da injinan bai yarda da samuwar Allah ba, jikinka ya yi sanyi, ka riƙe kafin alƙalami. Ka kai maganar wurin Malam, shi kuma ya ce a tambaye ni: mutumin da ba ya tsoron tsayuwa gaban Ubangiji, me zai hana shi cinye dukiyar baƙo? Tambayar tana da nauyi, ba irin wadda ake amsawa a tsaye da waya a kunne ba ce. Bari in fara bi da kai ta cikin kasuwar ƙasar nan tukuna.

A Ghana irin wannan mutum baƙon abu ne. Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista sun kai kashi 71.3 cikin ɗari, Musulmi kashi 19.9, waɗanda suka ce ba su da addini kuwa kashi 1.1 kacal. Ko trotro ka shiga daga Kejetia, da wuya ka sauka ba ka karanta sunan Allah a bayan motar gabanku ba. A nan Jamus, tun 2022 mambobin manyan coci biyu, Katolika da Furotesta, suka gaza rabin mutanen ƙasa. Duk mamban coci ana cire masa haraji daga albashi, a Hamburg kashi 9 cikin ɗari na harajin da yake biya wa gwamnati, don haka wasu gudun cirewar ce ta fitar da su, imaninsu na nan. Amma akwai da yawa, musamman mutanen tsohuwar Jamus ta Gabas, waɗanda tun kakanninsu ba a taɓa yin addu'a a gidansu ba. A unguwar Horn akwai wani coci da ya rasa masu ibada, 'yan uwa Musulmi suka saye shi suka gyara, a 2018 aka buɗe shi da sunan Masallacin Al-Nour. Da waɗannan mutane nake aiki, a hannunsu nake sayen burodi, su ne ke tuƙa jirgin ƙasan da nake shiga.

Kai da ka girma a rumfar hatsi, abin da zai fara ɗaukar hankalinka a nan shi ne awo. Ka san yadda olonka, gwangwanin awo, take a kasuwanninmu: wata an buga gindinta ya shigo ciki, wata an ɗan matse bakinta, akwai ta saye daga manomi, akwai ta sayar wa mai girki. A nan kowane sikeli na kasuwanci, har na mai sayar da kifi a kasuwar bakin ruwa ta ranar Lahadi, yana ɗauke da tambarin hukumar awo. Famfon gidan mai ma haka. A kanti, ƙarƙashin farashin kowane kaya sai an rubuta nawa kilo ɗaya ko lita ɗaya ya kama, don kada girman kwali ya ruɗi mai saye. Idan ka sayi abu ta intanet, kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Sabon kaya kuwa, idan aibin da ya zo da shi ya bayyana cikin shekara 2, alhakin yana wuyan mai sayarwa. Mota ba ta hawa titi sai an duba lafiyarta duk shekara 2 an manna mata shaida a lamba. Robar lemo da gwangwani ana ƙara maka santi 25 a kuɗinsu, ka mayar cikin na'ura a ba ka abinka, shi ya sa ba ka ganin su sun toshe kwata kamar yadda ledar fiya wata ke toshe rafin Aboabo da damina. Ruwan famfo ake sha kai tsaye. Wuta kuwa, tun zuwana ban ga abin da muke kira dumsor ba.

Tashoshin jirgin ƙasa na cikin gari ba su da ƙofar shiga ko mai karɓar tikiti. Ka saya ka shiga, ko kada ka saya ka shiga, ba mai tare ka. Sai dai masu bincike na shigowa ba zato, wanda aka kama tarar Yuro 60 ce. Tsintuwa ma doka ta shiga cikinta: abin da darajarsa ta wuce Yuro 10 dole ka kai rahoto, kuma mai kaya zai ba ka tukuici, kashi 5 cikin ɗari har zuwa Yuro 500, abin da ya haura kuma kashi 3. Wanda ya ga hatsari ya wuce bai taimaka ba alhali yana da iko, laifi ne da kan iya kai shi gidan yari har shekara ɗaya.

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu idan sun zo suka ga wannan, sai su buga waya gida su ce Turawa sun fi mu gaskiya. Ni ban yarda a yi saurin faɗin haka ba. Duk abin da na lissafa maka ido ne. Hukuma ce ke kallo, kuma idonta ba ya karɓar na goro. Mai kanti ya san in ya tauye awo za a kama shi, ba kuma wani kawunsa a ofis da zai kashe maganar. Wannan bai gaya mana komai ba tukuna game da abin da ke cikin zuciyarsa. Inda idon ya yi rauni, a nan ma ana cuta, kuma cuta mai girma. A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sanya wata dabara a motocin dizal kimanin miliyan 11, wadda ke rage hayaƙi lokacin gwaji kawai. A 2020 kamfanin hada-hadar kuɗi na Wirecard ya rushe bayan an nemi Yuro biliyan 1.9 da ke rubuce a littattafansa an rasa. Ka ga ba mu kaɗai muka san irin abin da ya faru da masu ajiya a kamfanin zinare na Menzgold a 2018 ba. Mayar da mitar mota baya don a ɓoye tafiyar da ta yi laifi ne a dokar ƙasar nan, kuma da ba a yi, da ba a kafa masa doka ba.

Akwai wani titi a Hamburg, Billstrasse, inda ake tara kayan hannu masu tafiya Afirka ta Yamma. Na sha zuwa. Za ka ga talabijin da injin wanki da tayoyi jibge har rufi, ana cusa su cikin tsofaffin motoci, a rufe, a kai tashar jiragen ruwa. Wasu kayan lafiyarsu ƙalau, wasu kuwa matattu ne tun a nan, kuma mai cusawa ya sani. Irin su ne suka riƙa ƙarewa a Agbogbloshie ta Accra ana ƙona su, yaranmu na arewa suna shaƙar hayaƙin, kafin a rushe wurin a 2021. Masu wannan aiki akwai Bature, akwai mutanen Asiya, akwai namu. A cikinsu akwai mai zuwa coci, akwai wanda muke haɗa sahu da shi ranar Juma'a, akwai wanda bai yarda da komai ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin wanda ake cutar ɗan uwansu ne da ya ci bashi ya biya kwastan.

To, in kana son ka san ko mutum yana da abin da ke riƙe shi daga ciki, sai ka duba shi inda ba ido. Wannan na gani a wurin aikina.

Ka san ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Aikin dare mu kan zama mu biyu a bene guda. Abokiyar aikina wata dattijuwa ce 'yar Rostock, an haife ta ƙarƙashin mulkin gurguzu, ba a yi mata baftisma ba, ba ta taɓa buɗe littafin addini ba, kuma ta gaya mini ƙarara cewa a ganinta in mutum ya mutu ya ƙare. Akwai wani tsoho a ɗakin ƙarshe wanda ciwon mantuwa ya cinye, bai san sunansa ba, ba ya magana, ba mai zuwa duba shi. Wani dare wajen ƙarfe uku ya ɓata shimfiɗarsa. Da ta bar shi zuwa canjin safe, ba wanda zai sani, shi kansa ba zai iya kai ƙara ba. Na leƙa na same ta ta tara ruwa a roba, ta sa gwiwar hannunta ciki don ta ji zafinsa, ta ja labule duk da ba kowa a wajen. Tana wanke shi tana gaya masa abin da za ta yi kafin ta yi: yanzu zan juya ka, yanzu zan ɗaga ƙafarka. Da sunan gidansu take kiransa, da lafazin girmamawa. Ta shafa masa mai a diddige da ƙugu don kada kwanciya ta yi masa gyambo, ta taje masa gashi, sannan ta riƙe hannunsa har numfashinsa ya daidaita.

Da muka zauna shan shayi na tambaye ta, don me, tunda ba ta jiran lada daga kowa? Ta dube ni kamar na tambaye ta don me take numfashi. Ta ce yana jin sanyi kamar yadda take ji, yana jin kunya ko da bakinsa ba zai faɗa ba, kuma wata rana ita ce za ta kwanta a irin wannan gado. Ta ƙara da cewa tunda a wurinta rayuwa guda ce ba wata, daren da aka bar shi cikin ƙazanta ba inda za a biya shi, don haka nauyin ya fi yawa a kanta.

Na daɗe ina juya wannan magana. Idan ka zauna da masu irin ra'ayinta waɗanda suka yi karatu, abin da suke kafa hujja da shi bai wuce uku ba. Tausayi, wato sanin cewa ɗan Adam yana jin ciwo. Sai hankali: suna yawan ambaton masanin falsafarsu Immanuel Kant, wanda ya rasu a 1804, mai cewa kada ka aikata abin da ba za ka so ya zama ƙa'idar kowa da kowa ba, kuma kada ka mayar da mutum kayan aiki kawai. Shi kansa Kant bai kore samuwar Allah ba, amma a kan hankali ya gina maganarsa, shi ya sa marasa addini suka riƙe ta. Na uku alkawarin zama tare. Kundin tsarin mulkinsu na 1949, wanda aka rubuta bayan ta'asar 'yan Nazi, sashensa na farko cewa ya yi martabar ɗan Adam ba abin taɓawa ba ce. Marasa addinin suna da ƙungiyarsu da aka kafa a 1993, tana koyar da darasin tarbiyya a makarantun Berlin ga yaran da iyayensu ba sa son darasin addini, tana kuma da gidajen renon yara da na jinyar masu jiran ajali. A Accra ma an kafa ƙungiyar masu irin wannan ra'ayi a 2012, sai dai ba su da yawa.

Yanzu ga abin da nake so ka karanta wa Malam a hankali, ya gyara mini inda karatuna ya gaza. Ni a fahimtata, addininmu bai taɓa cewa wanda ba Musulmi ba zuciyarsa fanko ce ba. A Suratus Shamsi Allah ya yi rantsuwa da rai da wanda ya daidaita shi, ya ce ya kimsa masa sanin fajircinsa da taƙawarsa. Kowane rai aka ce. Hadisi ya tabbata cewa kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa. Tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da misalin da ya yi daidai da halin da kake ciki. Kafin aiko shi, wani ɗan kasuwa daga Yaman ya kawo haja Makka, wani babba cikin Ƙuraishawa ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ya yi kuka a bainar jama'a. Wasu gidajen Ƙuraishu suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ko baƙo, har sai an mayar masa da haƙƙinsa. Wannan ne Hilful Fudul. Masu bautar gumaka ne suka ƙulla shi, ba littafi a hannunsu, amma bayan zuwan Musulunci Manzon Allah ya yabi wannan alkawari, ya ce da za a kira shi zuwa irinsa da ya amsa. Ranar hijira kuma, ja-gaban da aka damƙa wa raƙuma da sirrin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, yana kan addinin mutanensa a lokacin, kuma bai ci amana ba. Mu Hausawa kuma muna da maganar da aka sani daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci.

Ko a garinmu ba sabon abu ba ne. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga, daga baya suka sauka Kumasi, da wa suka yi cinikin goro? Da Asantawa masu addinin gargajiya, bashi na shiga tsakaninsu daga kaka zuwa kaka, mai gida a Zango yana tsaya wa baƙonsa. Da kakanninmu sun ce ba za su amince wa kowa ba sai mai salla, da ba a kafa Zango ba.

Malamanmu na da sun yi doguwar muhawara kan ko hankali shi kaɗai yana gane kyakkyawa da mummuna. Mu'utazilawa suka ce yana ganewa. Ash'arawa, waɗanda aƙidarsu muka karanta a zaure, suka ce hukunci da lada da azaba sai da shari'a. Maturidawa suka tsaya tsakani. Amma ko a cikin Ash'arawa ba wanda ya ce mutum ba ya jin a jikinsa cewa zalunci abin ƙi ne sai an karanta masa aya. Saɓaninsu a kan inda wajibci ke fitowa yake.

Ga matsayina. Wanda bai yarda da Allah ba yana da abin da ke riƙe shi, kuma na gaske ne, na gani da idona cikin dare inda ba mai kallo. Ni na yi imani Allah ne ya dasa masa shi, ko ya yarda ko bai yarda ba, kamar yadda manomi ke shan ruwan rijiyar da bai san wanda ya haƙa ba. Ita abokiyar aikina cewa take tarbiyyar uwarta ce da kuma yadda halittar ɗan Adam ta ginu a kan zaman tare. Mun yi wannan magana sau da yawa, ba wanda ya ja wani. Inda nake ganin amsarsu ta gaza shi ne wurin azzalumin da ya ci ya sha ya mutu a gadonsa ba a kama shi ba. Na tambaye ta, shi ke nan ya ci bulus? Ta ce e, shi ya sa dole a kama shi tun yana raye. Ni zuciyata ba ta iya zama da wannan. Na yi imani akwai ranar da za a tsayar da sikelin da ba ya tauye ko ƙwayar zarra, kuma wannan imani ne ke riƙe ni a ranar da tausayi ya ƙare, gajiya ta yi yawa. Sannan tausayi da hankali suna karkata in son zuciya ya yi ƙarfi, ko in jama'a duka suka karkata tare. Gwamnatin Jamus ta Gabas da ta kori addini ita ce ta kafa Stasi, hukumar 'yan sandan ciki, ta mayar da maƙwabci ɗan leƙen asirin maƙwabcinsa. Sai dai gaskiya ta sa in faɗi ɗayan ɓangaren: lokacin da aka yi kisan ƙare dangi na Yahudawa, mafi yawan Jamusawa mambobin coci ne. Mu ma mun san abin da aka yi da sunan addini a yankin Tafkin Chadi.

Abin da ya fi damuna ba su ba ne, mu ne. Muna da Suratul Muɗaffifina, yaranmu suna haddace ta tun suna kan allo. Mun san labarin mutanen Madyana da Annabi Shu'aibu. Mun san Manzon Allah ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Duk da haka a 2015 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta samu rinin da ake kira Sudan, mai haddasa ciwon daji, a cikin manjan da ake sayarwa a kasuwannin Accra. A ƙasar da kusan kowa ke da addini aka yi wannan. Akwai wani bincike da aka wallafa a 2019, inda aka miƙa jakunkunan kuɗi sama da 17,000 a birane 355 na ƙasashe 40, har da Ghana, a matsayin tsintuwa, don a ga wa zai nemi mai su. Switzerland da ƙasashen arewacin Turai ne suka zo gaba, mu ba mu cikin na gaba. Ta imel ake tuntuɓar mai jakar, wannan kuwa ya fi sauƙi a wasu ƙasashe, don haka ban ɗauki jerin kamar hukuncin alƙali ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a ƙasashe 38 cikin 40 an fi mayar da jakar da ke da kuɗi a ciki fiye da wadda ba komai. Ko'ina ɗan Adam ba ya son ya ga kansa ɓarawo.

Kada ka ɗauka komai na nan ya fi na gida. Aika kuɗi ta waya, wato MoMo, a Asawase ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, nan har yanzu wasu ofisoshi sai da wasiƙar takarda da jiran makonni. Ganin likitan ƙwararru kan ɗauki watanni, ko da yake in ka samu ba a tambayarka kuɗi kafin a taɓa ka, inshora ake cirewa daga albashi. Jiragen ƙasa masu dogon zango suna yawan makara. Neman gidan haya da baƙar fata da suna irin nawa wahala ce da ba zan so wa ɗana ba, kuma masu rufe mini ƙofa akwai masu addini akwai marasa shi. Doyar puna tamu tana isowa kantunan 'yan Afirka, amma kuɗin guda ɗaya zai sa ka tuna Techiman. Kokon manomanmu ta tashar jiragen ruwan garin nan yake shigowa da yawa, cakulan yana da araha a kanti, manomin da ya noma shi kuwa ka san halin da yake ciki. Babu mai kanti da zai ba ka shinkafa bashi zuwa ƙarshen wata don ya san mahaifinka. Babu gyara a kan awo. Babban abin da babu shi ne jama'a. Tsohon nan da na ba ka labari, da ya rasu, hukuma ce ta binne shi, ni da abokiyar aikina da wani ma'aikaci muka raka shi. A Aboabo ko baƙon da ya sauka jiya ya rasu, kafin la'asar an yi masa wanka, an samu likkafani, an cika sahu, an kai shi maƙabartar Tafo. Na ba ta wannan labari, ta yi shiru, ta ce wannan kam sun rasa shi, kuma ba ta san yadda doka za ta dawo da shi ba.

Game da mai injinan, na bi shawarar da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, lokacin da wani ya zo yana yabon wani mutum, ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko cinikin dinari da dirhami ya taɓa haɗa su. Da ya ce a'a, sai ya ce masa wataƙila dai ka gan shi a masallaci yana ɗaga kai yana sunkuyarwa, ba ka san shi ba. Na nemi 'yan Kumasi biyu da suka taɓa lodi a wurinsa, duka sun ce abin da ya rubuta shi suka tarar a Tema. Na je da kaina da wani makanike ɗan Tamale. Kowane inji da takarda a ɗaure da waya, an rubuta motar da aka ciro shi da tafiyar da ta yi. Muna cikin zaɓe na nuna wani inji mai tsabta, sai ya girgiza kai, ya ɗauko tocila ya haska mini wani siririn tsagu a gefen kan injin wanda ni da makaniken duk ba mu lura da shi ba. Ya ce wannan na masu neman kayan ciki ne, in ina so rabin kuɗi, amma kada a sayar wa direba a matsayin mai lafiya. Ya fitar da shi daga layin da kansa. Duk da haka ban ce ka tura kuɗi a kan yarda kawai ba, ko da limami ne. Za a rubuta yarjejeniya da lambar kowane inji, ta banki za a biya, rabi yanzu, rabi in takardar lodin jirgi ta fito, kuma zan tsaya a wurin ranar da za a rufe kwantenar. Firji na hannu da ka ambata a bar shi, Ghana ta hana shigo da su tun 2013, kwastan za su ƙwace.

A cikin kwantenar zan saka wa Hajiya sikeli mai ɗaukar kilo 30, na batir, saboda rumfarta ta Asawase. Na san masu saye za su yi gardama da farko, sun saba da olonka da tozonta da gyara. Kada ta jefar da olonkar. Ta auna cikinta sau ɗaya a gaban mutane, ta rubuta nauyin gero da na wake da na masara a kwali ta rataye, sikelin kuma ya zauna a gefe, duk mai shakka ya ɗora kayansa ya gani. In shugabar 'yan hatsi ta nuna sha'awa, ka sanar da ni in nemi na biyu kafin a rufe lodi.

Wanda zai taho nan gaba a ba shi daddawa da kuka da yajin ƙuli, nawa sun ƙare. A gaida Inna, a ce mata ina shan maganin sanyin da ta aiko.

Wassalam, ƙaninka.